Ranar da bidiyo ya cinye faɗan ƙarshe

Na bar kwaleji ban samu takardar ƙarshe ba, na dawo gida Filinge da Faransanci a baki, babu aiki a hannu. Soja ne ke mulki a lokacin, kuma saurayin da ke zaman banza a bakin hanya bai cika jin daɗin haɗuwa da masu kaki ba. Saboda haka nake wuni a shagon Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ke gyaran rediyo a bakin kasuwa.

Wata shekara bayan an gama kaka, Kawu ya tafi Yamai sayen kayan gyara. Ya dawo da tele, da bidiyo, da ƙaramin injin wuta da muke ce wa gurup, da kaset-kaset ƙunshe cikin tsohon zane. Sai da ya yi ta zarya ofishin sufurehe, wato shugaban gundumarmu, kafin a ba shi izini, aka kuma gindaya masa sharaɗi cewa da rana zai riƙa nunawa, jama'a su watse kafin magariba. Akwai wani ɗakin ajiyar hatsi a bayan shagon, muka share shi, muka toshe tagogi da tabarmi da buhuna har ya yi duhu, muka jera benci. Ana sallar azahar sai a tada gurup. Zafin ɗakin nan ba a magana, mutum yakan fito riga ta manne masa a baya, amma ban taɓa ganin wanda ya fita kafin a gama ba. An turo wani jandarma ya duba abin da muke nunawa. Ya tsaya a baya ya kalla har ƙarshe. Washegari ya dawo cikin kayan gida, riƙe da kujerarsa.

Yawancin kaset ɗin na Shinuwa ne, wato mutanen ƙasar Sin, fim ɗin karate. Labarinsu kusan ɗaya ne. Za a kashe wa saurayi ubansa, ko wansa, ko malamin da ya koya masa faɗa. Saurayin shi muke kira akter, wanda ya yi kisan kuma shef-bandi. Akter zai je ramuwa da gaggawa, a lakaɗa masa duka, ya tsira da ƙyar. Daga nan zai faɗa hannun wani tsoho a kan dutse, ya sha wahalar ɗibar ruwa da faskare da tsayuwa a ƙafa ɗaya. In ya ƙware sai ya sauko ya bi yaran shef-bandi ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ga maigidansu. Kowa ya san haka za a yi, kuma kowa yana so ya ga yadda za a yi shi a wannan karon.

Aikina shi ne in tsaya gefen tele in riƙa mayar da maganar Hausa. Waɗanda aka juya da Faransanci ba su ba ni wahala. Amma akwai waɗanda suka zo da yaren Shinuwa zalla, ba na jin ko kalma ɗaya. Nan sai in dubi fuskoki in ƙirƙira. In mutum biyu suna nuna wa juna yatsa, sai in ce rikicin iyakar gona ne tun zamanin kakanninsu. In an ƙone gida, in ce saboda rijiya ce. Gidan shan shayinsu ya zama rumfar mai tuwo, dutsensu ya zama irin namu na gefen gari. Manoman da ke shigowa ranar kasuwa sun fi son waɗannan, don a cewarsu a nan ne labari ke fita sosai. Har kaina ya fara girma. Ko ana tsakiyar faɗa ba na rufe baki, ina ta cewa ga naushi, ga shuri, ya goce, ya kuma.

Wanda ya rage mini wannan girman kai shi ne Baba. Ba mahaifina ba ne, abokinsa ne kuma maƙwabcinmu, mun dai taso muna kiransa haka. Tsohon ɗan kokowa ne da aka taɓa jin sunansa a duk ƙasar Kurfai. Yanzu yana tufka igiyar kaba yana sayarwa daf da shagon Kawu, yana ɗingisa ƙafar dama. Da farko ya ce shi ba zai kalli tsalle-tsallen birai ba. Ranar da ya fara shigowa ma ƙara ya kawo, wai ƙugin gurup ya hana shi jin masu ciniki. Ya ɗaga labule da niyyar yi wa Kawu faɗa, sai ya tarar akter yana fuskantar mutum uku a kan wata siririyar gada. Ya tsaya riƙe da labulen har aka yi ta roƙonsa ya sake shi don haske na shigowa. Sai ya sake shi, ya kuma tsaya ta ciki.

Da aka tashi ya kira ni gefe. Ya ce labarina ba laifi, amma bakina ya yi yawa.

"In anka hwara hwaɗa, ɗana, kai ka yi kurum," in ji shi. "Ido shi ka aiki nan, ba kunne ba."

Na ji haushi a ranar, amma na gwada washegari. Da na yi shiru sai na fara jin abin da nake rufewa da surutuna: ƙarar hannun riga kamar ana kaɗe tabarma, naushi kamar taɓarya a turmin da ba kowa ciki, da ɗan tsit ɗin da ake yi kafin a sake haɗuwa. Sai na ji ɗakin gaba ɗaya yana numfashi tare.

Daga nan Baba ya samu wurinsa a bencin gaba. Shi ba ya kallon fuska ko hannu, ƙafafu yake kallo. Yakan ce wanda ya iya da gaske ana gane shi daga yadda yake zaunar da nauyinsa a ƙasa, wanda kuma aka koya wa jiya diddigensa na rawa. Tun fim bai yi nisa ba zai nuna wani a cikin yaran shef-bandi ya ce wancan ya fi akter iyawa, an dai hana shi ne. In mutum ya tashi sama ya dira a kan rufin soro, sai ya yi tsaki ya ce igiya ce, shi da ke tufka ta ya san yadda abin da aka rataya ke lilo. Mun yi ta musu da shi a kan wannan. Sai bayan shekaru na ji daga waɗanda suka sani cewa gaskiyarsa ce.

Wurin da ya fi so shi ne inda ake horar da akter, wurin da samari ke ƙosawa a wuce. Ya ce duk fim ɗin nan ne kawai babu ƙarya, don shi ma ya hau dutse da buhun yashi a wuya ba sau ɗaya ba. Da na gaya masa salon faɗan nasu sunayen dabbobi gare su, bai yi mamaki ba. Ya ce a fili ma akwai mai kokowar kura, da mai ta bunsuru, da wanda ke gurfanawa kamar raƙumi sai ka matso ya miƙe da kai. Tare muka raɗa wa na fim sunaye, akwai salon zalɓe, akwai na kububuwa, akwai na kyanwa. Wata rana wani mahauci ya tambaya me ya sa yaran shef-bandi ke kewaye akter suna jira, maimakon su rufe shi gaba ɗaya. Baba ya juya ya ce masa wannan ai ladabin fili ne, mutum ɗaya ake shiga, kuma hakan ya nuna Shinuwa sun samu tarbiyya a gida.

Labarin ƙafarsa kuwa ba wanda bai sani ba. Shekaru da yawa kafin a haife ni, an yi kokowar kaka a Bonkuku, ya kama da wani dogo ɗan garin. Suka zube tare, dogon ya danne masa gwiwa, wani abu ya ɓalle a ciki. Mutanenmu suka ce da gangan ne, mutanen can suka ce kaye ne mai tsabta. Baba bai sake ɗaura walki ba. Dogon nan yana raye, ya yi furfura, yakan kawo dankalin turawa kasuwarmu. In sun haɗu a hanya sai ya ce fofo, gaisuwar Zabarmawa, Baba ya ɗaga hannu, kowa ya wuce. Samarin da suka ƙoshi da fim sukan tsokani Baba, su tambaye shi yaushe zai hau dutse ya yi shirin ramuwa. Yakan yi dariya ya ce malaminsa ya rasu, dutsen kuma ya yi wa gwiwarsa nisa.

Wata ranar kasuwa direban da ke kawo mana kaset daga Yamai ya iso da sabo, dab da azahar. Ba ni da lokacin kallonsa tukuna kamar yadda na saba, ga shi kuma da yaren Shinuwa ya zo. Ɗaki ya cika har ana zama a ƙasa. A can baya na hango mutumin Bonkuku, ya sayar da dankalinsa da wuri, motar komawa ba ta cika ba, ya shigo ya kashe lokaci.

Fim ɗin ya yi kyau ƙwarai. Akter ɗan maƙera ne, aka kashe wansa a gaban maƙerar. Shef-bandi dogo ne, yana sa fararen kaya da ba sa taɓa yin datti, kuma da hannu ɗaya yake faɗa, ɗayan yana goye a baya. Wanda ya horar da akter a wannan karon ba tsoho ba ne, wata tsohuwa ce mai sayar da taliya, ta sa shi murza ƙullu har yatsunsa suka yi ƙarfi kamar awartaki. Na ce wa jama'a gwaggonsa ce da aka daɗe da rabuwa da ita, suka kuwa yarda. Akter ya gama da yaran ɗaya bayan ɗaya. Aka zo wani fili fetal, iska na kaɗa ciyawa, ya tsaya yana ɗaure ɗamara. Shef-bandi ya yi murmushi, ya fara zaro hannun nan da bai taɓa fitarwa ba.

Sai hoton ya yamutse, murya ta ja kamar ta akuya, tele ya koma yayyafi.

Kawu ya buɗe bidiyo ya jawo kaset ɗin, zaren ya biyo shi a cukurkuɗe kamar hanjin kaza. Ya saba liƙa wanda ya tsinke da jan farce, amma wannan ya tauna da yawa. Ya duba, ya hura, ya girgiza kai, ya je ya kashe gurup. Da ƙugin ya ɗauke sai duk ido ya dawo kaina. Suka ce to in ƙarasa musu da baki, tunda ni na san labarin. Na yi ta kame-kame. A ƙarshe na faɗi gaskiya, na ce ni ma yau na fara ganinsa. Wani daga baya ya tambaya, to gwaggon fa, a ina na san gwaggonsa ce. Aka fara guna-guni, ni kuwa ina neman inda zan sa kaina.

Baba ne ya cece ni. Ya dafa benci ya miƙe, ya ce ba sai an ga ƙarshen ba, duk mai ido ya riga ya gan shi. Ya ce tun farkon fim shef-bandi bai taɓa juyawa a kan ƙafar hagu ba, kullum sai ya ɗan ɗage ta. Hannun da ya ɓoye ruɗi ne kawai don a manta da ƙafar. Akter zai bari a kawo masa hannun, ya nutse ƙasa, ya kwashe hagun. Mahaucin nan ya ce shi bai gane ba, sai an nuna. Baba ya ce a cire tabarmin taga, a ja benci baya.

Haske ya shigo, aka buɗe fili a tsakiyar ɗaki. Baba ya tuɓe babbar rigarsa ya ba ni, ya ce shi ne akter, yana neman shef-bandi. Samari suka yi ta miƙa hannu, ya ƙi su duka. Ya ce dogo ake so, mai farin kai. Ya juya a hankali, ya nuna bayan ɗaki da haɓa.

Kowa ya san wa ake nufi da kuma abin da ke tsakaninsu. Kawu ya dube ni, na dubi jandarma, shi kuma ya dubi rufin ɗaki. Mutumin Bonkuku ya daɗe yana kallon Baba. Sai ya cire hularsa ya ɗora a gwiwar na kusa da shi, ya tako tsakiya, ya goya hannu ɗaya a baya, ya ɗaga gira daidai yadda na fim ke yi. Dariya ta ɓarke har da masu buga cinya.

Suka fara zagaya juna, ɗaya na ɗingishi, ɗaya na riƙe da ƙugu. Baba ya lanƙwasa hannu ya yi salon zalɓe. Wani tela ya ɗauki buhu yana kaɗawa duk lokacin da aka motsa hannu, don a samu ƙarar da aka saba. Mutumin Bonkuku ya zaro ɓoyayyen hannunsa a hankali, yana huci ta hanci. Ana ta dariya har suka haɗu. Amma da hannuwansu suka sauka a kafaɗun juna sai wasan ya canza. Kawunansu suka sunkuya, ƙafafu suka buɗe, kowa ya nemi wurin riƙo ba tare da ya duba ba. Ban taɓa ganin Baba a fili ba, ranar na ga ɗan abin da ake ba mu labari. Telan ya daina kaɗa buhu.

Baba ya nutse, ya kama ƙafar hagu, ya ɗaga ta, daidai yadda ya faɗa. Sai dai shef-bandi ya ƙi faɗuwa. Ya maƙale wuyan Baba yana tsalle da ƙafa ɗaya, suna ta juyawa a tsakiyar ɗaki.

"Hwaɗi mana," in ji Baba yana haki. "Kai na shef-bandi."

"Ni ban ga ƙarshen ba," in ji mutumin, da Hausarsa mai gardin Zabarmanci. "Wa ya ce maka ya hwaɗi?"

Ni da ke kusa na ga gwiwar Baba ta fara karkarwa. Mutumin Bonkuku ma ya ji ta a jikinsa. Ya daina tsalle, ya saki wuyan ya tallafe shi ta hammata, Baba kuma ya sakar masa ƙafa. Haka suka ja da baya a rungume, suka zauna daɓas a kan benci ɗaya, suna haki suna dariya har hawaye. Nan take musu ya tashi a kan wanda ya riga zama. Aka ce jandarma ya raba gardama, ya ce shi yau ba ya bakin aiki.

Bayan la'asar na kai wa Baba rigarsa a gindin bishiyar bedin da ke ƙofar shago. Na tarar su biyu suna shan fura a ƙwarya ɗaya. Mutumin Bonkuku yana cewa shi fa a wancan lokacin ya aiko da goro da gaisuwa, bai taɓa jin amsa ba. Baba ya ce goron ya iso, ya kuma ci, fushin ne bai ƙare ba a lokacin. Mutumin ya tambaye shi yanzu fa. Baba ya karɓi ludayi ya ce ya daɗe da manta inda ya ajiye shi, kunya ce kawai ta hana shi faɗa. Motar Bonkuku ta yi ta hon kafin mutumin ya tashi.

Sai da aka yi makonni kafin direba ya samo mana wani kwafin fim ɗin. Ranar tsofaffin biyu suna bencin gaba, kafaɗa da kafaɗa. Aka zo filin nan, shef-bandi ya fitar da hannu. Akter bai ko kalli ƙafar hagu ba. An yi ta dukansa har ya kusa mutuwa, sannan ya tuna tsohuwa mai taliya, ya daka tsalle ya hau bishiya, ya diro ta sama ya dafe kan shef-bandi da yatsun nan nasa. Shef-bandi ya tofar da jini, ya yi dogon jawabi wanda na fassara da cewa yana neman gafarar maƙera, ya faɗi, hoto ya tsaya cak. Baba ya ce masu fim ɗin sun yi kuskure, ƙafar tana nan a fili sun bar ta. Mutumin Bonkuku ya ce an cuci shef-bandi, don ba a shigo da bishiya cikin sharaɗi ba. Jama'a suka fita suna cewa namu ya fi.

Bayan soja sun ba da wuri an koma zaɓe, maganar izini ta yi sauƙi, gidajen bidiyo suka yawaita a gari. Fina-finan Indiya suka shigo, daga baya na Hausa daga Najeriya, waɗanda ba su bukatar mai fassara. Ni ma na samu aikin koyarwa a wani ƙauye cikin Kurfai, sai hutu nake zuwa. Kawu dai bai daina ajiye ranar kasuwa don karate ba, saboda tsofaffinsa.

A wani hutu na tarar ana shirin tafiya da Baba garin Bonkuku, bikin sunan jikan abokin nasa. An ba shi gaban mota kusa da direba saboda ƙafarsa, ya sha sabuwar hula. Mota na shirin tashi ya leƙo ta taga ya ce in gaya wa Kawu kada a taɓa sabon kaset ɗin da ya zo sai ya dawo. Ya ce kwana biyu zai yi, ya yi tara. Kawu bai iya jira ba, muka kalla har sau uku. Ranar da Baba ya dawo, Kawu ya mayar da kaset ɗin cikin kwalinsa, ya buɗe shi a gabansa yana hure ƙura kamar yanzu aka sauke shi daga mota. Ɗaki cike da mutanen da suka haddace fim ɗin, ba wanda ya tona. Inda ya kamata a firgita muka firgita, inda ya kamata a yi salati muka yi. Mahaucin ne kawai ya kusa ɓata mana shiri, ya fara dariya kafin abin dariyar ya zo, telan ya taka masa ƙafa.